Robar hanci, da ɓarnar da muka yi da cokali biyu

Ranar da aka sallamo Baba daga asibiti, bayan sati uku yana kwance da shanyewar ɓarin jiki, abun da muka taho da shi gida Tudun Wada shine leda cike da magani, manyan sirinji guda biyu, sai robar ciyarwa da aka zura ta hancinsa har tumbi an danne ta da filasta. Sistar da ke aiki ranar ta nuna ma ƙanwata yanda ake zuba kunu sau ɗaya tak, tace kun gane ko, muka ce eh Sista mun gane, alhali babu abun da muka gane, kunya ce kawai da ɗokin tafiya gida. Ban ga laifinta ba wallahi, su biyu ne a ɗaki cike da marasa lafiya kowa na kira. Amma daga ranar nan aikin da mutum ke shekara uku a makaranta yana koyo ya dawo hannun ƙanwata mai saida atamfa, da ni da ban taɓa riƙe sirinji ba.

Kafin ma a kai nan sai da aka sha daru kan saka robar. A garin nan da zarar an ce wane an sa masa roba ta hanci sai kaji an ɗauki salati, kamar an ce a fara neman likkafani. Dalili kuwa a bayyane yake, mafi yawan waɗanda muke gani da ita jikinsu ya riga yayi tsanani, sai muka ɗora ma roba laifin ciwon. Amma ka leƙa ɗakin jarirai a asibitin Barau Dikko na Kaduna ko na Shika a Zariya, bakwaini da bai kai wajen sati 34 ba bai iya haɗa tsotso da haɗiya da numfashi, da 'yar siririyar roba ake ba shi nonon uwarsa da aka tatsa har yayi ƙwari. Yaran da tamowa ta cinye har basa iya shan madarar asibiti ta masu tamowa, F-75, da kansu suma haka. Da yawansu suna nan suna tsalle-tsalle a layi, babu wanda ma ke tuna an taɓa sa musu wani abu a hanci.

Shi mai shanyewar jiki matsalarsa a maƙogwaro take. Hanya biyu ce a wurin, ɗaya ta iska mai zuwa huhu tana gaba, ɗaya ta abinci tana bayanta, kuma duk haɗiyar da kayi sai ta iskar ta rufe na ɗan ƙiftawar ido abinci ya wuce. Ƙwaƙwalwa ke tsara wannan, to in ta taɓu sai tsarin ya rikice, ruwa ya gangara huhu. Mu masu lafiya in mun sarƙe tari muke har hawaye, wasu daga cikinsu kuwa ko tarin basa yi, shiru kake ji, sai bayan kwana biyu zazzaɓi ya tashi numfashi ya fara sama-sama ace nimoniya. Wannan nimoniyar na cikin manyan abubuwan da ke tafiya da masu wannan ciwo. Kuma abun mamaki ruwa tsararo yafi abu mai kauri saurin kuɓucewa. Shi yasa da Goggo tazo daga Zariya da jarkar zamzam tana cewa "haba ɗan nan, ko ɗigo ba za a sa masa a baki ba, kun bar bawan Allah da busasshen maƙoshi", sai na lallaɓa ta nace Goggo za a ba shi har ya ƙoshi amma ta roba, ai cikin dai shine cikin. Ruwan rubutu ma haka muka yi, a tace da kyalle mai tsabta a zuba. Bata ji daɗi ba, kwana biyu tana amsa gaisuwata a ciki.

Abu na farko da ya kamata mai jinya ya sa a ransa, robar nan bata da ido. Ana auna tsawonta daga ƙarshen hanci zuwa kunne zuwa ƙahon zuciya, a tura, a babba yawanci lambar jikin robar da ke tsayawa bakin hanci tsakanin 50 da 60 ce. Tana iya kuskure hanya ta shiga huhu tun wajen sawa, ko daga baya tari ko amai ko hannun majinyaci ya jawo ta sama ta naɗe a maƙogwaro kai baka sani ba. Ka zuba kofin kunu a haka kaga ai an gama. A nan har yanzu zaka ga ana hura iska da sirinji a kara abun sauraro a ciki a ji ƙugi, amma a Ingila tun 2005 aka hana dogaro da wannan, saboda ƙugin na iya jiyuwa ko da robar na huhu. Abun da aka fi yarda da shi shine a zuƙo ɗan ruwan ciki a ɗiga kan takardar gwajin tsami, in ta nuna 5.5 ko ƙasa to tumbi ne, in an yi shakka a ɗauki hoton ƙirji. Mu a gida da bamu da takardar nan abun da muka riƙe shine lambar bakin hanci, mun zana ta da maka mun rubuta a bango saitin gado, kafin kowace ciyarwa a duba, a buɗe bakinsa a haska da fitilar waya ko ta naɗe. In lamba ta canza, ko an fara zubawa ya kama tari, fuska ta canza, numfashi ya sarƙe, to a tsaya cak. Kuma in ta fita kar wani gwani a gida yace zai mayar, a nemo nas. Baba sau biyu yana fizge tasa cikin dare da hannun da ke aiki, ƙarshe safar ƙafa muka cusa ma auduga muka sa masa a hannun, dan ɗaure dattijo da igiya a gado ni kam zuciyata ta kasa.

Ba a ciyar da mutum yana kwance shame-shame. A tada shi da filo biyu uku ya kishingiɗa sosai, asibiti suna cewa digiri 30 zuwa 45, a bar shi haka aƙalla rabin awa zuwa awa ɗaya bayan an gama. A cire bututun turawa na sirinjin a bar kunun ya gangara da kansa, banda dannawa da ƙarfi dan ana sauri.

Maganar me ake zubawa, nan ma mun yi wauta kafin mu farga. Tunda muna tsoron toshewa sai muke tsinka koko ya koma kamar ruwan wanke kwano, sau shida a rana muna murna yana ci, mutum kuwa sai zubewa yake ƙashin wuya na fitowa. Lissafin ba wuya, babba mai kilo 60 yana buƙatar kalori wajen 1500 zuwa 1800 a rana, in kana ba shi mil 250 sau shida mil 1500 kenan, kaga dole kowane mil ya ɗauko wajen kalori ɗaya, haka madarar gwangwani ta majinyata irin su Ensure suke in an haɗa daidai, amma kowa yasan kuɗin gwangwani ɗaya yanzu da kwana nawa yake yi. Tsararon koko da wuya ya kai rabin haka. Sai muka koma kunun gyaɗa da madara, garin waken suya, dafaffen ƙwai a niƙa a bilenda, cokalin mai guda wanda shi kaɗai ya kai kalori 120, a tace da mataci mai laushi. Dabarar da tafi burge ni kuma ta tsofaffinmu ce, garin tsiro irin na kunun zaƙi, in kunu yayi kauri ka barbaɗa kaɗan yana da ɗumi sai kaga ya saki ya tsinke ba tare da an ƙara ruwa ba, sai a sake tafasa shi a huce. Mai ciwon suga ko ƙoda dai kar ya kwafi wannan, nasa lissafin daban ne sai da likita. Haka wanda ya kwana biyar ko fiye bai ci komai ba, ba a afka masa da cikakken abinci rana ɗaya, gishirin jininsa na iya faɗuwa zuciya ta rikice, da kaɗan-kaɗan ake farawa. Sannan ga wutar Kaduna, firij ya zama kabad, kunun da aka haɗa da madara da ƙwai kar ya wuce awa biyu a ajiye a zafin nan, gara a dama kaɗan-kaɗan ko da wahala.

To yanzu ga inda nake son zuwa, magani. Baba na shan kala shida. Abun da muke yi shine mu haɗa su duka tsakanin cokali biyu mu murƙushe, har da buɗe kafso a zazzage, a juye cikin kunun safe a tura, mun jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Kwana huɗu muna haka. Kullum wajen ƙarfe tara na safe sai ya jiƙe da zufa yayi laƙwas, ƙanwata ta kira ni a shago "Yaya zo ka gani, Baba fa yau ma yayi sanyi", a ɗaura na'ura a ga jini ya sauka ƙasa da 100, da daddare kuma ya haye sama kamar ba a ba shi komai ba. Mu duk a zatonmu ciwon ne. Wani maƙwabcinmu da ke aikin haɗa magunguna ne ya shigo dubiya bayan Magariba, ya ɗauki kwalayen yana juyawa, ya tsaya kan guda yace "wannan ma dakawa kuke?" Nifedifin ne na hawan jini, a jikin kwalin an rubuta Retard.

Bayanin da yayi mana shine ƙwayar magani ba gari bane kawai da aka dunƙule. Wasu an gina su ne su dinga sakin magani a hankali cikin awa 12 ko 24, kamar randa mai ɗan ƙaramin famfo. In ka daka ka fasa randar, abun da ya kamata jiki ya samu a yini guda ya same shi cikin ɗan lokaci, sannan sauran yinin babu komai. Abun da ke faruwa da Baba kenan, kuma faɗuwar jini haka kwatsam ga wanda ƙwaƙwalwarsa ke neman jini ba ƙaramin haɗari bane. Alamarsu haruffa ne a gaban sunan, SR, XR, XL, MR, CR, LA, ko kalmar Retard ko Chrono. Adalat LA na hawan jini, metfomin XR na suga, Tegretol CR da Epilim Chrono na farfaɗiya, diklofenak SR, Slow-K, duk dangi ɗaya ne. Mafi muni a cikinsu masu kashe zafi irin tramadol SR da mofin mai jinkiri da ake ba masu ciwon daji, waɗannan in aka daka suna iya danne numfashi mutum ya wuce a barci a ce lokaci ne yayi.

Akwai kuma masu riga, waɗanda ake rubuta ma EC. Su an lulluɓe su ne dan kar su narke a tumbi sai sun isa hanji, ko dan tsamin tumbi na kashe maganin ko dan maganin na cin tumbi. Omefrazol na olsa shine misalin da kowa ya sani, in ka buɗe kafson zaka ga 'yan ƙananan ƙwallaye, kowace da rigarta, in ka murƙushe su tsami ya cinye maganin kafin yayi aiki, in ka zuba su haka nan kuma su manne su toshe roba. Wannan shima muna dakawa, wato kwana huɗu muna zubar da kuɗi. Ƙwayar da ake sawa ƙarƙashin harshe dan ciwon ƙirji ita ba ta ciki bace sam. Sannan akwai waɗanda haɗarinsu na kan mai dakan ne, magungunan daji da irin finasterayid na masu kumburin mafitsara, ƙurarsu bata dace mai juna biyu ta shaƙa ko ta taɓa ba, kuma a gidajenmu ai mata ne ke wannan aikin.

Abun haushin shine kusan kowanne yana da madadi. Washegari muka koma asibiti muka ce likita ta roba fa yake sha, nan take ya soke nifedifin ya rubuta amlodifin wanda ke narkewa a ruwa kuma sau ɗaya a rana, na olsar ma ya canza. Minti biyar bai cika ba. Takardar maganin farko daga wani asibitin daban take tun kafin ya kwanta, mai kemis da muka saya a wurinsa bai san akwai roba ba, mu kuma bamu san ana faɗa ba. Ni a ganina nan ne ramin yake, tsakanin mai rubutawa da mai sayarwa da mai dakawa babu wanda ya tambayi ɗaya. Duk inda zaka karɓi magani ka fara da cewa ta roba yake sha, ko da za a ce ka cika surutu.

Ko waɗanda ake iya dakawa ɗin ma, haɗa su wuri ɗaya ko juye su cikin kunu kuskure ne. Wasu in sun haɗu dunƙulewa suke, wasu kuma abinci ke kama su. Sipro, maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake yawan rubutawa, in ya haɗu da madara sinadarin ƙashi da ke cikinta ya riƙe shi, kaɗan ne zai shiga jini, sai ace maganin jabu ne. Fenitoyin na farfaɗiya an daɗe da sanin abincin roba na rage shigarsa, shi yasa ake raba su da wajen awa biyu gaba da baya. Maganin maƙoƙo tayiroksin shima cikin da babu komai yake so. Sannan in ka sa a kunu majinyaci ya kasa ɗaukar rabi, nawa ya sha nawa ya rage? Ba wanda ya sani. Yanda muka koma yi, kuma da an saba minti goma ne, a tura ruwa mil 30 a ɗauraye roba, a daka ƙwaya ɗaya tayi laushi kamar hoda, a narka a ruwa mil 10 zuwa 15, a zuƙe a tura, a ɗauraye kofin a sake turawa dan abun da ya manne shima magani ne, a bi da ɗan ruwa, sannan a ɗauko na biyu, a ƙarshe mil 30 kuma. Ruwan tafasasshe da ya huce muke ajiyewa a fulas. Ƙanwata ta sayo ɗan ƙaramin turmin tangaran a Kasuwar Bacci ta hana kowa taɓa shi, ranar da ta kama wata yarinya zata daka masoro a ciki unguwa ta ji su. Wanda aka ƙayyade ma ruwa saboda zuciya ko ƙoda ya tuna wannan ɗaurayar ma tana cikin lissafi, yara kuma nasu ma'aunin ƙanƙani ne sosai.

Zaka ce to ai sai a sayi na ruwa a huta. Sau da yawa haka ne yafi, amma shima da nasa. Mai kauri sai an sirka shi da ruwa, da yawansu kuma na yara ne, kafin ka kai ma'aunin babba ka ɗura rabin kwalba, ga wani zaƙi da ake sa musu mai suna sobitol da in yayi yawa yake sa gudawa, a zo ana zargin kunun gyaɗa. Kuma ma'aunin na ruwa ba kullum yake daidai da na ƙwaya ba, musamman na farfaɗiya, dan haka ba canjin da mutum zai yi da kansa a kemis bane.

Ta toshe mana sau ɗaya, daren da aka manta ɗauraya. Nan take shawara ta fara zuwa, wani yace a zuba Coke, wani yace a zura tsinken tsintsiya ko waya. Coke da lemo tsami gare su, suna sa madarar da ke ciki ta daskare kamar cuku, waya kuwa tana iya huda robar ta huda mutum. Ruwan ɗumi a babban sirinji mai mil 50 ko 60, a tura a hankali a jawo, a tura a jawo, a murza robar da yatsu, a bari ya jiƙa. Ƙaramin sirinji ƙarfinsa yafi yawa yana iya fasa ta. Tamu ta buɗe bayan kusan rabin awa, da ta ƙi sai dai a canza, dama irin mai taurin nan da aka fi samu a nan ba a barinta ta daɗe, sati ɗaya zuwa biyu ake sabuntawa, mai laushi ta siliko ce ke kaiwa sati huɗu zuwa shida.

Wani abu da na gani a ɗakin jinya har yau yake tsaya min a rai, majinyaci ga roba a hanci ga kanula a hannu, sirinji kala ɗaya a kan durowa ɗaya, mai jinya yaro ɗan sakandare da aka bari ya kwana. Maganin da aka daka ko madara in suka shiga jijiya kisa ne. A ƙasashen da suka sha wannan masifar har sirinji na daban suka ƙera mai launin shunayya wanda bakinsa baya shiga kanula. Mu kafin ya wadata sai dai mu naɗa ma namu jan zare, mu kuma ja kunnen duk wanda zai kwana cewa abun da ke hannu na nas ne.

Da muka shiga wata na biyu likita ya kawo maganar robar ciki, wadda ake hudawa ta fatar ciki kai tsaye zuwa tumbi da na'urar leƙa ciki, likitoci biyu Gauderer da Ponsky suka fito da ita a Kilibilan ta Amurka a 1980. Ana kawo zancenta in an ga abun zai wuce sati huɗu zuwa shida, tafi faɗi bata cika toshewa ba, riga na rufe ta, hanci ya huta. Ba a gaggawarta dai a makonnin farko, wani babban bincike kan masu shanyewar jiki da likitocin Edinbura suka jagoranta aka fitar a 2005 ya nuna a farkon ciwo ta hancin tafi, dama da yawa haɗiyarsu na dawowa. Ƙa'idar magani duk ɗaya ce, in kuma ta zare ramin na fara rufewa cikin awanni, ba a jira gari ya waye. Muna cikin haɗa kuɗinta ne abun ya fara sauyawa.

Lokacin hunturu ne, leɓensa duk ya tsage, kullum safe da yamma ina goge masa haƙora da harshe da ɗan buroshi mai laushi in shafa masa man kaɗe, tunda bakin da ba a ci da shi yafi tara ƙwayoyin cuta kuma yawun nan shima huhu yake gangarawa. Wata safiya ina cikin gogewa naga maƙogwaronsa ya motsa sama ya dawo, ya haɗiye yawu da kansa. Bamu yi gigin gwada shi a gida ba duk da Goggo ta riga ta ɗauko kofi. A asibiti aka zaunar da shi tsaf aka fara da rabin cokalin kunu mai kauri, ana sa shi yayi magana bayan kowace haɗiya a ji ko muryar ta jiƙe. Sati biyu aka yi ana haɗawa, kaɗan ta baki saura ta roba, ruwa tsararo shi ya zo ƙarshe. Ranar da aka zare ta abun da ya fara nema da guntuwar muryarsa shayi ne, ya kurɓa sau biyu yace ba suga.